Igiyar Yaya Lawal da Mota Mai Ƙofa Huɗu

Kuɗin da suka kai ni Ikko ba daga aljihu suka fito ba, daga turke aka kwanto su. Bijimi ne aka kai kara aka sayar. Kai Nura, aje wayar nan ka saurara, tunda kai ne ka kafe sai ka tafi ci-rani bana, kuma bijimin da nake magana na ubanka ne, Yaya Lawal, Allah ya jiƙanshi. Ku kun tashi kun gan shi da sanda yana jan ƙafa, kun ɗauka haka Allah ya yi shi. To ba haka ba ne. Mutumin nan da kuka sani, a da azara biyu yake saɓawa a kafaɗa ya tsallake kwata yana gaisawa da mutane.

Sana'ar gidanmu ke nan, azara. Na san wasunku ba su san ta ba sai a rufin zauren nan, ku 'yan zamanin kwano. Giginya ce ake faskarawa dogo-dogo, ita ake jerawa a rufe soro. Manyan motoci ke kawo ta daga kudu su zube mana a wani fili da muke da shi a Batagarawa, Yaya ya ɗoro ta a amalanke, bijimai biyu na ja, har cikin birni wajen magina. Kuma cinikinta ba a yin shi da surutu. Magini zai auna ɗaki da igiya, ya ƙulle nan ya ƙulle can, ya aiko da ita. Kana ganin igiya mai ƙulli biyu ka san tsawon da ake so, ba sai an ce maka uffan ba. Tun ina ɗan ƙarami nake karɓar irin igiyoyin nan a ƙofar gidan nan. Ku riƙe wannan, za mu dawo kanta.

To da Yaya ya sayar da bijimi ɗaya, ai amalanke ta zauna ke nan, don guda ba ya janta da kaya. Inna ta yi ta faɗa. Shi ko sai da ya damƙa mani kuɗin a soron nan ya ce, "Sada, tahi ka koyi tuƙi. In Allah ya buɗa, ka zo mana da akori-kura mu huta da shanu."

Maganarshi ke nan duka. Yaya ba ya maimaita magana, ko an biya shi.

Ranar tafiya muna Batagarawa, ya ce sai ya raka ni tasha. Muka hau bayan wata akori-kura a kan buhunan dawa. Gidan gaba kuwa wani Alhaji ne ya baje shi kaɗai, shi da babbar rigarshi, ya biya kuɗin mutum biyu don kada a matse shi. Muna hanya hadari ya taso, iska ta fizge hular Yaya ta yi cikin gonaki da ita. Ya buga bodi, direba ko waiwaye. Ruwa ya sauko ya yi mana dukan tsiya. Na dubi Yaya, magidanci da iyali, kai ba hula, ruwa na bin fuskarshi, Alhaji ko na can ciki ya ɗaga gilashi yana cin goro. Wallahi raina ya ɓaci. A zuciyata na rantse in dai na yi mota, Yaya ba zai ƙara zama a baya ba. Ban gaya mashi ba, ai ba a faɗa wa babban wa irin wannan.

Ikko kuwa, ku bar ta. Garin da za ka kwana ka tashi ba wanda ya ce maka ina gajiya. Kowa Mala yake ce mani. Na ce sunana Sada, suka ce to, Mala Sada. Na fara da dako a kasuwar Mil Tuwal, kwandon tumatir a ka tun safe har wuya ya ƙage. Daga nan wankin mota, daga nan yaron mota, har Allah ya sa na yi lasin. Akwai abin da suke ce wa go-silo, wai tafi a hankali. Ina tafiyar take? Tsayuwa ce cak. Za ka sayi biredi ta taga, ka sayi agogo, ka sayi maganin ɓera, ka yi faɗa da direban danfo, bas ɗin hayarsu, ku shirya, motarka ba ta motsa ba. Kai Sani, kana dariya, kai da ko Funtuwa ba ka taɓa wucewa ba.

Ɗakin da na kama a Agege, gidan da suke ce wa fes-mi-ai-fes-yu ne, wato dube ni in dube ka. Ƙofarka na kallon ƙofar wani, in ya yi atishawa kai za ka ce alhamdu lillahi. Mai gidan wata dattijuwa ce, Iya Landiledi muke ce mata. Matar nan ta iya Hausa 'yar kaɗan, amma duk ta faɗa ta koya. Igiyar shanya guda ce a tsakar gidan, kuma ta ce ba tawa ba ce.

"Mala, kwamot am! Cire riga!"

"Iya, ina zan shanya?"

"Shanya a kai naka!"

"Ba ina biyan haya ba?"

"Ka biya ɗaki. Ka biya igiya?"

Haka nake shanya kayana a bayan ƙofa, su bushe suna warin ruma. Ku ga ƙaramin abu, amma shi ya ja mani.

Uban gidana ɗan kwangila ne, Oga kawai muke ce mashi. Siminti, rodi, katako, su yake kai wa masu gini. Ya ba ni wata tsohuwar akori-kura, ƙofa biyu, gidan gaba ɗan mitsitsi, in mutum uku suka shiga sai na tsakiya ya rungume giya. Kujera ta yage, ƙofar direba sai da waya ake ɗaure ta. Amma bodi, kai! Dogo, mai faɗi, in ka sauke murfin baya katako zai kwanta ya miƙe ƙafa. Ka loda mata abin da ka ga dama, ta yi nishi ta tashi. Shekara da shekaru ina tuƙa ta, rabin albashina yana hannun Oga ajiya, da alkawarin ran da zan koma gida zai sallame ni da mota.

Da na ga abin ya kusa, sai na aika gida ta bakin Malam Isiya, wani direban motar shanu ɗan unguwarmu, cewa a gaya wa Yaya mota ta kusa samuwa. Da Malam Isiya ya sake saukowa, ya kawo mani ƙunshi. Kuka da daddawa daga Inna. Daga Yaya kuma igiya, ta rama, tufkar hannunshi, sabuwa fil.

Na ce, "Bai ce komai ba?"

Ya ce, "Ya ce a gaishe ka, a ba ka wannan."

Na warware ta. Ƙulli a nan, ƙulli a can. Ku yanzu da kuke zaune kun riga kun gane, ko ba haka ba? To ni, ɗan gidan azara, wanda ya yi wayo yana karɓar igiyar magina, ban gane ba. Ikko ta cinye mani kai. Abin da ya zo mani kawai shi ne Allah ya kashe ya ba ni, yau na huta da jarabar Iya. Na buga ƙusa biyu na ɗaure ta a tsakar gida. Har ina jin daɗin ƙullin, wai yana hana riga zamewa. Iya ta fito ta riƙe ƙugu.

"Wa ya ba ka bango?"

Na ce, "Bangonki ne, igiyata ce. Daga Katsina aka aiko mani."

Ran nan na ci nasara a kanta, na yini ina fara'a.

Ana nan sai soja suka koma bariki, farar hula suka karɓa. Ikko ta rikice da murna da fastoci. Oga ya wayi gari ɗan siyasa, ya daina sa wando da riga, sai agwada, babbar rigar Yarbawa, har ƙasa. Lokacin kamfe ya sayo wasu sababbin akori-kura na yawon neman ƙuri'a. Kamfanin da ke ƙera irin tsohuwar tawa ne, amma sun sake mata fasali gaba ɗaya. Dabul-kabin suke ce mata. Ƙofa huɗu. Gidan gaba suka faɗaɗa, suka ƙara gidan baya da doguwar kujera mai laushi, mutum biyar su zauna ba mai taɓa wani. Ƙofofin gaba manya, ka shiga da babbar riga da hula ba ka sunkuya ba. Na baya sun ɗan fi ƙanƙanta, sai ka karkace. Ga na'urar sanyi, esi. To amma mota ba roba ba ce da za ta miƙe. Abin da suka ƙara wa mazauni, daga bodi suka yanko shi. Bodin ya koma ɗan guntu, sifirin ɗinta kuma suka sassauta don masu zama su ji daɗi, nauyin da take ɗauka ya ragu sosai. Duk na ga wannan da idona. Amma ina leƙa gidan bayan nan, abin da na gani shi ne Yaya zaune da hularshi a kai, ana ruwa a waje.

Da aka gama zaɓe na je sallama. Oga ya miƙo mani makullin tsohuwa.

"Mala, ɗauki taka. Kyauta. In ba ka ajiyarka a kai."

Na ce, "Wace tawa? Wannan mai ƙofar waya?"

"Ita ce motar kaya. Ba kaya za ka yi ba?"

"Mai ƙofa huɗu nake so."

Ya yi dariya har da buga tebur. "Dat wan na fo big man! Ta manya ce. Felod nata kaɗan ne."

Felod wai nauyin da mota ke ɗauka. Ni kuwa kalmar manya ita ta tsaya mani a wuya. Wato mu ba manya ba ne, mu 'yan bayan mota ne har abada. Kun san ni da zuciya, har yanzu ba ta gama kwanciya ba, balle a lokacin.

Na ce, "Oga, na yi maka bauta ƙuruciyata ta ƙare a go-silo. Riƙe ajiyar duka, ka ba ni guda cikin na kamfe."

Ya dube ni ya dube ni, ya ɗaga kafaɗa. Ba don Allah ya gargaɗe ni ba, sabuwar yake ƙyashin ba da ita. Amma gaskiya ya faɗa, ko daga bakin wa ta fito. Na karɓi makulli, na sa aka kankare hoton ɗan takara daga jikinta. Da na je kwashe kayana, Iya ta ce duk abin da aka kafa a bango na gida ne. Na bar mata igiyar, na ce ta ci da ita.

Ranar da na shigo Katsina, hantsi ne. Na biyo ta Gobarau ina matsa oda. Lungunmu ma da ƙyar ta shiga, madubi na shafar katanga. Unguwa ta fashe. Mata na leƙe ta zaure, tsofaffi na fitowa daga masallaci suna shafa ta suna Allah ya sa alheri, Allah ya tsare. Inna ta rangaɗa guɗa da tsufanta. Aka buɗe ƙofofin nan huɗu aka bar su a buɗe, kowa ya shiga ya ɗanɗana sanyi ya fita. Ni ko ina tsaye ina hura hanci.

Yaya ya fito daga baya. Ya rame, kafaɗarshi ta yi kanta, don duk shekarun nan jakunan haya yake bi, in babu ya saɓa da kanshi. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen can. Ya zagaya motar ya ce, "Ma sha Allah. Allah ya sa albarka." Sai da mutane suka ragu ya matso ya rage murya.

"Igiyar nan ta iso kuwa?"

Na ce, "Ta iso, Yaya, na gode. Ta yi mani amfani ƙwarai, da ita nake shanya."

Ya ce, "To madalla."

Ya koma bayan motar kamar mai duba taya. Ina kallonshi ta madubi. Ya ɗora gwiwar hannu a bodi, ya auna kamu ɗaya, biyu, uku. Bodi ya ƙare. Azararmu kamu biyar ce. Nan take ƙullin nan biyu suka faɗo mani a rai, na ji kamar an watsa mani ruwan sanyi. Tsawon bodin da zan nemo ya aiko mani, ni kuwa na yi ta shanya gajeren wando a kai.

Da la'asar na same shi na ce, "Yaya, a sayar da ita a nemo doguwa."

Ya ce, "A sayar da mi? Duk unguwa ta zo ta yi addu'a. Inna ta aika Batagarawa a gaya wa dangi gobe za a kawo ta a motar ɗanta. Sai a ji ƙanena ya kawo mota na raina? Ba da ni ba. Za ta yi."

In Yaya ya ce za ta yi, an rufe magana.

Haka muka fara aiki da ita. Mu sauke murfin baya, mu jera azara, kusan rabinta na reto a waje. In aka ɗan ƙara kaya sai gindin motar ya zauna, gaba ya ɗaga, sitiyari ya yi sakwaf a hannuna. Abin da tsohuwa za ta kwashe a sawu ɗaya, sai mun yi uku, mai na ƙonewa. Kuma ko an ɗaure, kan azarar na ciki sai ya riƙa ɗagawa, don nauyin yana waje. Sai Yaya ya samo dabara. Ya hau ya zauna a kan azarar daga ciki, jikin gilashin baya, ya danne ta da nauyinshi.

Na ce, "Yaya, don Allah ka shigo ciki. Ga wuri har ya yi yawa."

Ya ce, "In na shigo wa zai danne? Ja mu tahi."

Kun ji fa. Ƙofa huɗu, kujera ta mutum biyar, ni kaɗai a ciki kamar Alhajin nan, Yaya na baya cikin rana. Kullum in na ɗaga ido ga madubi bayan rigarshi nake gani. Na kashe esi na daina kunnawa, kunya ba ta bari na.

Wata ranar Laraba da damina, mun taso daga Batagarawa da lodin wani magini da ke sauri. Ruwa ya cinye gefen wata kwalbati ban lura ba. Tayar baya ta faɗa, ta fito. Ba gudu nake ba, Allah shaida. Amma azarar nan da ke reto ta yi ƙasa, kan na ciki ya yi sama, igiyar ɗauri ta tsinke. Na ji ƙara, na duba madubi, babu rigar.

Na same shi a gefen hanya, azara uku a kan cinyarshi. Manoma suka sheƙo daga gona aka ɗage. Bai yi ihu ba, salati kawai yake, gumi na keto mashi. Ƙugu ya karye, ƙafar ta juya. Aka ce a kwantar da shi a bodi, bodi bai kai tsawonshi ba, ga guntun azara ko'ina. Sai gidan baya. Ƙofar nan kuwa 'yar ƙarama, mutum mai lafiya ma sai ya karkace, balle wanda ba a son a lanƙwasa. Muka buɗe duka biyun, mutum biyu suka shiga ta can suna jan kafaɗa, mu muna tura ƙafa ta nan, a hankali, a hankali, yana cije leɓe. Da ƙyar ya shige. Shigarshi ta farko ke nan cikin motar.

Na kunna esi don ya ji sauƙi, na ja. Mun yi nisa sai na ji muryarshi daga baya, ƙasa-ƙasa.

"Sada."

"Na'am, Yaya."

"Ashe da sanyi a ciki."

Hawaye ya hana ni ganin titi, sai da na goge da hannun riga.

Sauran kun sani. Asibiti, maɗori, wata da watanni a kwance. Ya tashi, amma ƙafar ba ta koma ba. Motar da ya hana a sayar, jinya ta sayar da ita, wani kansila ya saya, ita kuwa ta dace da shi. Magina suka koma wajen wasu, daga baya ma kwano ya kashe kasuwar. Ni na koma tuƙa motar mutane, Katsina zuwa Jibiya, har idona ya gaza. Bijimi ya tafi, ajiya ta tafi, ƙafar Yaya ta tafi. Abin da na dawo da shi daga Ikko ke nan, sai 'yan kalmomin da nake ba ku dariya da su.

Bai taɓa yi mani gori ba, ko da wasa. Wannan ya fi duka ciwo. Sai shekarar da zai rasu, muna zaune a nan inda kake zaune, Nura, sandarshi na jingine da bango, na yi ƙarfin hali na tambaye shi.

Na ce, "Yaya, mi ya hana ka aiko da magana? Kalma ɗaya ga Malam Isiya, ka ce doguwa."

Ya ce, "In aika wa ƙanena da sharaɗi a bakin wani, kamar na sa shi aiki? Kai ke wahalarka a can. Na ce igiya ta isa, ɗan gida ne." Ya ɗan yi murmushi. "Ni ma ina da tambaya, na daɗe ina riƙe da ita. Kai da ka san azara, mi ya kai ka ga mai ƙofa huɗu?"

Na ce, "Hularka."

Ya juyo ya dube ni.

Na ce, "Ranar da ka raka ni tasha. Muna bayan mota, iska ta ɗauke maka hula, ruwa ya dake mu, Alhaji na ciki. Tun ran nan na rantse ba za ka ƙara zama a baya ba."

Ya yi ta tunani, har na ɗauka abin ya taɓa shi ne. Can ya girgiza kai a hankali, da gaskiyarshi, ba don ya faranta mani ba.

Ya ce, "Wace hula?"